Me Ke Tsaga Firam ɗin Alminiyam na Allunan Hanya?

Ku dubi firam ɗin da ke ƙetare saman babbar hanya ɗauke da allunan kwatance. A Amurka akwai irinsa da yawa da aka ƙera da bututun alminiyam samfurin 6061-T6, don ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa. Rauninsa a wajen walda yake.

Zafin walda yana tausasa alminiyam har kusan milimita 25 daga bakin ɗinkin, ƙarfin wurin ya ragu da kusan rabi. Kuma a daidai nan kowane ƙaramin bututu da ke karkace yake haɗuwa da babban bututun firam ɗin. Duk tirelar da ta wuce ƙarƙashi sai ta bugo allon da iska, ga iskar gari kuma. Girgizar ba ta taka kara ta karya ba, amma idan ta maimaitu sau miliyoyi sai tsaga ta ɓullo a gindin waldar, siririya kamar gashi. A jihohi masu sanyi, ruwan da ya shige bututu kan daskare ya fasa shi daga ciki.

Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, saboda haka gwajin neman tsaga da maganaɗisu da garin ƙarfe da ake yi wa ƙarfe ba ya aiki a nan. Jan rini ake amfani da shi. A wanke wurin tas, a fesa rinin, a bar shi kamar minti 10, a goge da tsumma, sannan a fesa farar hoda. Inda akwai tsaga, jan layi zai fito. Kada a fesa ruwan wankin kai tsaye bayan rinin, zai wanke na cikin tsagar, mai duba ya tafi yana zaton lafiya lau.

To me zai hana a sake walda kawai? A saman hanya iska na kore gas ɗin argon da ke kare narkakken alminiyam, waldar ta cika da ramuka. Sabon zafi kuma sabon rauni ne.

Shi ya sa hukumar sufuri ta jihar New York ta gwada naɗi da ƙyallen zaren gilashi mai gam, aka kuma auna shi a Jami'ar Utah. Ana goge bututun da samfefa har ya yi kaushi, a shafa gam, a shimfiɗa ƙyalle bisa tsawon ƙaramin bututun ya zagayo babban, sannan a naɗe shi a matse. Tsagar tana nan, amma nauyin ya bi ta ƙyallen. A ɗakin gwaji inji ke jan mahaɗin har ya tsinke, a kwatanta da mai lafiyayyar walda. Idan aka bar maiƙo ko ƙura a jikin bututun, ƙyallen ɓarewa zai yi tun nauyi bai kai ko'ina ba.