Fodkas ɗin Zauren Karatu: Marayan Da Ya Tashi a Hannun Cheyenne

Ummi: Jama'a sallama, barkanmu da sake haɗuwa a zauren karatu, yau mu uku ne, ni Ummi, ga Yaya Auwal, ga kuma Kawu Bala da muka lallaɓo da ƙyar daga majalisa. Kawu sannu da zuwa.

Kawu Bala: Yawwa 'yata, sannunku. Ni fa an ce min maganar kaboyi za a yi shi ya sa na taso.

Ummi: Ita ce Kawu, amma a littafi. Sunansa Little Big Man, wani Ba'amurke Thomas Berger ya rubuta, ya fito a 1964, daga baya a 1970 aka mai da shi fim Dustin Hoffman ya ja shi. Wani tsoho ne tukuf, Jack Crabb, wai shekararsa 111, yana kwance a gidan kula da tsofaffi yana ba da labarin rayuwarsa tun yana ɗan shekara 10.

Auwal: A fim 121 suka ce, sun yi masa gyaran goma.

Kawu Bala: To ai daga nan ma an fara zuƙi ta malle.

Ummi: Za mu zo kan ƙaryar Kawu, tana da muhimmanci. Farkon abin dai a 1852 ne, babansa mai aski ne da ya koma wa'azi, ya kwashi iyalinsa suka shiga ayarin kekunan shanu masu nausawa yammacin Amurka, a hanya sai ga 'yan ƙabilar Cheyenne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar da ake ce wa Indiyawan daji, mutanen ayari suka rasa abin da za su tare su da shi sai giya, su kuwa ba su saba ba, suka bugu, aka yi kaca-kaca aka kashe mazan har da baban Jack. Yaron da yayarsa Caroline suka bi Cheyenne ɗin zuwa sansaninsu.

Auwal: Wajen Caroline ɗin nan ya ba ni dariya wallahi, ita a ranta sarkin Cheyenne ɗin ya ganta ya ƙyasa, ashe su kallon namiji suke mata saboda shigarta da girman jikinta, da ta ga babu wanda ya damu da ita sai ta saci doki cikin dare ta gudu, ta bar ƙaninta a can. Abincin da aka fara ba su kuwa dafaffen kare.

Kawu Bala: Subhanallahi. Ya ci?

Auwal: Yunwa Kawu, ya ci mana.

Ummi: Shi sarkin, Old Lodge Skins, shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, shekara 5 yana hannunsu, ya koyi hawan doki da harbin kibiya da farautar ɓauna da yarensu. Sunan da littafin ya ɗauka ma a can ya samo shi, sun je harin satar dawaki ya kashe wani abokin gaba ya ceci wani yaro Younger Bear, to shi gajere ne amma ya yi aikin manya.

Auwal: Kuma Younger Bear ɗin bai taɓa yafe masa ba. Ka ceci mutum ya tsane ka, don kullum ya gan ka sai ya tuna da bashin rai a wuyansa, kuma wanda ya raina ne yake binsa bashin. Daga baya ma ya shiga wata ƙungiyar mayaƙa da komai a juye suke yinsa, in za su ce eh sai su ce a'a, su yi wanka da ƙasa su goge da ruwa, su hau doki suna kallon jela.

Kawu Bala: Ku tsaya, ni duk wannan ba shi na sani ba. Mu da muke shiga silima a Kano da ƙuruciya, fim ɗin kaboyi ɗaya ne, ga jarumi da malafa da bindiga a ƙugu, ga Indiyawan daji suna kuwwa a kan tsauni, in sojan doki suka ɓullo ana busa ƙaho duk silima ta ɗauki tafi. Babu wanda ya taɓa tambaya su waɗancan me aka yi musu.

Ummi: To littafin nan shi ne ya tsaya ya tambaya, kuma da maraya kawai zai iya yin hakan. Ka duba Kawu, in jarumin yana da uba da gona da dangi, gefensa a san shi yake tun shafin farko, amma yaron da babu mai jan kunnensa, duk gidan da aka ajiye shi nan ne gida, sai marubucin ya riƙa cilla shi nan da can, mu kuma muna leƙa kowane ɓangare ta idonsa.

Auwal: Ni kuma a nan nake da matsala da shi. Jack ɗin nan ɗan iska ne mai bin inda iska ta kaɗa. A 1857 aka yi wani faɗa a bakin kogin Solomon, wannan a tarihi ya faru, Kanar Sumner ne ya ja sojojin Amurka, Cheyenne sun yi tsafi sun yarda harsashi ba zai taɓa su ba, sai sojojin suka ƙi harbi suka zare takubba suka yo kansu, kowa ya watse. Shi gogan naka da ya ga takobi a kansa sai ya goge fentin fuskarsa yana ihu shi Bature ne. Mutanen da suka ciyar da kai shekara 5!

Ummi: Haba Yaya, ɗan shekara 15 fa, takobi a wuya. Kai me za ka yi?

Auwal: Ba sau ɗaya ya yi ba ai Ummi, haka yake ta yi har ƙarshen littafi, yau yana cikin tanti gobe yana cikin mashaya yana caca, ya yi fatauci, ya yi haƙar zinare, ya yi farautar ɓauna don fata wanda shi ne ma abin da ya karya Cheyenne ɗin da yunwa, ya sani sarai kuma ya yi.

Kawu Bala: Auwalu, ɗan riƙo ka taɓa zama da shi? Yaron da ya tashi a gidan wani, tun yana ƙarami yake koyon karanta fuskar mai gida kafin ya buɗe baki, ba munafunci ba ne, da shi yake cin tuwo. Ni abin da kuke faɗa haka na ji shi.

Ummi: Kuma da ya koma wajen Turawan me ya tarar? Wani fasto Pendrake da matarsa suka ɗauke shi, aka yi masa wanka aka sa shi makaranta, ya ɗauki matar nan kamar waliyiya, rannan ya kama ta da wani mai shago. Shi ke nan ya tattara ya gudu. Babu gefen da aka wanke a littafin, Cheyenne ma ya nuna zafin hannunsu, su ne ma suka sace masa matarsa ta fari Olga da ɗansu, ya yi ta nema, ƙarshe ya same ta a ɗakin wa? Younger Bear.

Kawu Bala: Kai! An biya bashi kenan.

Auwal: Ta inda ba a zata ba.

Ummi: Kuma irin yaran nan an yi su da gaske. Cynthia Ann Parker, 'yan wata ƙabilar Indiyawan mai suna Comanche suka ɗauke ta a Texas a 1836 tana yarinya, ta yi aure a cikinsu ta haihu, sai 1860 aka ƙwato ta da ƙarfi, ta yi ta ƙoƙarin guduwa ta koma, ɗanta Quanah Parker ya zama babban shugaban Comanche. Akwai Herman Lehmann, ɗan Jamusawa, 'yan ƙabilar Apache suka ɗauke shi a 1870, da aka dawo da shi bayan shekaru yaren gidansu ma ya manta.

Auwal: To amma su waɗannan sun tsaya gefe ɗaya, kin ga bambancin.

Ummi: Na gani, amma bari mu zo harin kogin Washita, don ni nan ne littafin ya daina ba ni dariya. 27 ga Nuwamba 1868, a inda ake kira Oklahoma yanzu, da asuba, ƙanƙara ta rufe ko'ina, wani kwamandan sojan Amurka, Custer, ya kewaye sansanin wani sarkin Cheyenne mai suna Black Kettle da rundunar sojan doki ta 7, 'yan badujala suna kiɗa aka faɗa wa mutane suna barci. Black Kettle ɗin nan fa mai neman sulhu ne, shekara 4 kafin nan a Sand Creek ya kafa tutar Amurka a kan tantinsa duk da haka aka yi musu kisan kiyashi, ya tsira, a Washita kuma aka harbe shi da matarsa a cikin kogi suna ƙoƙarin tsallakewa. Aka kama mata da yara 53, aka ƙone tantuna da abincin hunturu, sannan Custer ya sa aka karkashe ɗaruruwan dawakinsu. A littafin Jack yana wurin, yana da mata 'yar Cheyenne mai suna Sunshine da jariri sabuwar haihuwa, daga ranar bai ƙara sa su a ido ba.

Kawu Bala: Inna lillahi. Dawakin kuma me suka yi?

Auwal: Dabarar yaƙi ce Kawu, mutumin fili in ba doki ba farauta ba gudu ba yaƙi, dole ya kai kansa inda gwamnati ta killace musu. To amma Ummi faɗa wa Kawu yadda ya tsira.

Ummi: Kayan soja ya saka.

Auwal: Yawwa.

Ummi: Ya saka ne har ya samu ya kusanci Custer da niyyar kashe shi, hannunsa ya kasa. Shekara 8 bayan nan, 25 ga Yuni 1876, a bakin kogin Little Bighorn, 'yan ƙabilar Lakota da Cheyenne ƙarƙashin su Sitting Bull da Crazy Horse suka gama da Custer da mutum sama da 200 da ke tare da shi, ko ɗaya bai fita ba. Shi Jack cewa ya yi shi kaɗai ne Baturen da ya tsira, kuma Younger Bear ne ya ɗauke shi daga cikin gawarwaki don ya sauke bashin nan.

Kawu Bala: Ashe bai yarda matar ta biya ba. To amma tarihi ya ce babu wanda ya fita, shi ya ce ya fita, ya ga Custer, kun ce min har da wancan maharbin…

Auwal: Wild Bill Hickok, wai shi ya koya masa harbi, kuma ya yi karo da Wyatt Earp. Duk wani sananne a yammacin Amurka sai da ya gaisa da shi.

Kawu Bala: Wannan tsoho a majalisarmu da tuni an ba shi sarautar maƙaryata.

Ummi: Marubucin da gangan ya yi, har wanda aka ce ya naɗi hirar a cikin littafin ya kasa yanke hukunci ko gwarzo ne da aka manta ko uban maƙaryata. Kuma wa zai ƙaryata shi, ba uwa ba uba ba ɗan gari ɗaya da zai ce kai ba haka aka yi ba.

Auwal: Ni dai ban janye ba, yaro ne mai wayon tsiya, sai dai na yarda ba a gajiya da jin sa. Wanda zai nema ya sani Turancin nasa na 'yan tasha ne, shafukan farko sai an daure. Akwai ci gabansa ma da ya fito a 1999.

Kawu Bala: Ni ku nemo min fim ɗin ku sa min a waya, idona ba na ƙananan rubutu ba ne.

Ummi: An gama Kawu, amma ka sani a fim sun canza abubuwa da yawa, har waɗanda suka kai wa ayarin hari sun mai da su 'yan wata ƙabilar, Pawnee. Masu sauraro ku turo mana naku ra'ayin, Yaya Auwal ne da gaskiya ko ni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.