Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Hukumar Tallafa Wa Bincike

Mai girma Shugaban Hukumar Tallafa wa Bincike, shugabannin wannan cibiya, malamaina da abokan aikina, ɗalibanmu, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Shekara da shekaru muna ganin sa hannunka a ƙasan takardun amincewa, yau ga shi Allah ya kawo mana kai da kanka. An ɗora mini nauyin yi maka maraba saboda ni ne mafi daɗewa a sashen nazarin ƙwayoyin gado, wato waɗanda ke tsara yadda tayi ke ginuwa, waɗanda kuma ke jawo cuta idan suka kauce hanya. Sama da shekara talatin ke nan ina wannan aiki, kuma babu kwalba ɗaya da na taɓa wadda ba kuɗin tallafi ya saye ta ba. Don haka godiya ce farkon maganata.

Zan roƙi izininka in ba da labarin ƙuda. A ƙarshen shekarun 1970, a birnin Heidelberg na Jamus, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka zauna gaban madubin duba ƙananan halittu mai mazaunin ido na mutum biyu, suna duba tsutsotsin ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, ɗaya bayan ɗaya, dubbai. Tambayarsu ita ce: me ke gaya wa ƙwai nan ne kai, nan ne wutsiya? A 1980 suka wallafa ƙwayoyin gado 15 da ke raba jikin tsutsa gaɓa-gaɓa. Akwai wadda idan ta lalace tsutsar kan fito guntuwa, cike da 'yan ƙayoyi kamar bushiya, shi ya sa suka laƙaba mata sunan bushiya da Turanci. Da a lokacin an tambaye su wace cuta wannan zai warkar, da ba su da amsa. Sai a farkon shekarun 1990 aka gano irin wannan ƙwayar a dabbobi masu ƙashin baya, har da mu, tana da hannu wajen jera yatsu da tsara ƙwaƙwalwa da fuska tun muna ciki. A 1995 suka karɓi kyautar Nobel tare da Edward Lewis. A 1996 aka gano cewa lalacewar ƙwayar gadon da ke aiki tare da ta bushiyar, mai suna Patched, wadda ita ma tana cikin jerin 1980 ɗin, na haddasa sankarar fata mafi yawa a duniya. Maganin wannan sankara da ke toshe hanyar aikin waɗannan ƙwayoyin, vismodegib, bai samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka ba sai a 2012. Shekara 32 tsakanin tsutsa da ƙwayar magani.

Na sikila ma ya fi tsawo. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura cewa jinin jariran da suka gaji cutar ba ya lanƙwashewa sosai a watannin farko, domin jinin da suka fito da shi daga ciki na kare su. Sai a 2008 aka tabbatar cewa ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke rufe wannan kariya bayan haihuwa, sai kuma a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin da ke sake buɗe ta. Yawancin masu fama da cutar suna Afirka, kuma har yau maganin ya fi ƙarfinsu. Wannan ma aiki ne da ke jiran mai ɗaukar nauyinsa.

To, ranka ya daɗe, yawancin tallafin bincike shekara uku ne zuwa biyar. A cikin waɗannan shekaru, ta farko takan tafi wajen sayen kaya da horar da ɗalibi, ta ƙarshe kuma wajen rubuta takardar neman wani. Ban ce a daina tambayarmu me muka yi da kuɗi ba. Amanar jama'a ce, dole a bi ba'asi. Damuwata tazarar da ke faɗowa tsakanin tallafi da tallafi. Ƙudan da muke aiki da su ba a ajiye su a firiza kamar sauran samfura. Duk bayan 'yan makonni sai an juye su cikin sabuwar kwalba mai sabon abinci, a liƙa mata suna da kwanan wata, da hannu, ɗaruruwan kwalabe. Na taɓa shiga irin wannan tazara a tsakiyar aikina. Matar da ke kula mana da su, wadda daga kallon kwalba take sanin wane iri ne ya fara rauni, dole ta nemi wani aiki domin ba albashi. Kafin kuɗi su dawo mun rasa irin da muka yi shekaru muna haɗawa. Kuɗin sun dawo, ita ba ta dawo ba, kuma har gobe ina jin zafin wannan.

Roƙonmu ke nan. A buɗe wata hanya ta tallafi mai tsawo ga wanda ya riga ya nuna ya iya, a bar shi ya bi tambayarsa duk inda ta kai shi. A ware ɗan abin da zai riƙe ma'aikata da dabbobin gwaji idan tallafi ya ƙare kafin wani ya iso. Sannan matasan nan da ke zaune a baya, a ba su nasu na farko tun da sauran ƙarfinsu, domin da yawa daga cikin waɗanda na koyar, masu basira ƙwarai, sun bar bincike ne saboda gajiya da jira.

Bayan wannan zama, ɗalibanmu sun shirya maka madubi a ɗakin gwaje-gwaje. Za ka ga tayin ƙuda mai 'yan sa'o'i da aka rina, da layuka bakwai reras a jikinsa, alamar inda gaɓoɓi za su fito. Muna fatan za ka zauna ka duba da idonka, ka yi musu tambayoyi yadda kake so.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya. Ranka ya daɗe, bisimilla.