Mun yi ƙaura, cikinmu ma ya yi ƙaura

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da wannan zama.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana kan lafiya, ni kuwa maganar ciki zan yi. Kowannenmu yana ɗauke da ƙananan halittun da ido ba ya gani, mafi yawansu a cikin hanji. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce bakteriyar da ke jikin baligi ta kai tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa na kansa kuwa tiriliyan 30. Akasarinsu ba na cuta ba ne. Su ke narkar da abin da hanjinmu ya kasa narkarwa, su samar da wasu sinadaran bitamin, su kuma horar da garkuwar jiki.

A 2007 Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka, NIH, ta ƙaddamar da gagarumin aiki a kansu. Da sakamako ya fito a 2012, sai aka ga ko masu ƙoshin lafiya ma kowa da irin nasa.

To, ga inda zancen ya shafe mu. A 2018 masana a Jami'ar Minesota sun bi diddigin 'yan ƙabilun Hmong da Karen da suka taso daga Tailan zuwa Amurka. Cikin 'yan watanni da isowarsu, bakteriyar Prevotella, gwanar narkar da ganye da dusar hatsi, ta fara ja da baya, wata mai suna Bacteroides ta maye gurbinta. Yadda zama ke tsawo haka ire-iren halittun ke raguwa, kuma abin ya fi tsanani ga masu ƙiba da 'ya'yan da aka haifa a can. Canjin abinci ya taka rawa, amma ba shi kaɗai ba ne. A ganina, duk wanda ya bar gida ya kamata wannan ya tsaya masa a rai, musamman iyayen yara.

Kada dai mu ruɗu da kwalaben da ake tallatawa a intanet wai suna gyara hanji. Binciken bai kai inda 'yan kasuwa suka kai shi ba. Wake, ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba sun fi su hujja. Maganin antibayotik kuma, don Allah, sai likita ya rubuta, domin ba ya bambance mai cuta da mai amfani, kuma ba ya maganin mura.

Roƙona ɗaya. Wani nazari na 2022 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na samfuran da aka tara don binciken waɗannan halittu na jikin mutum daga Turai, Amurka da Kanada suka fito. Mu 'yan Afirka ba mu da yawa a ciki. Idan jami'a ta nemi masu sa kai, mu karanta takardar amincewa da kyau, mu yi tambaya, wanda ya gamsu ya shiga. E, samfurin bayan gida za a nema, na ga wasu har sun fara murmushi.

Na gode. Wassalamu alaikum.