Ligeti: Mawaƙin da Ya Sa Na'urori Ɗari Suka Yi Kiɗa

Ku kasa kunne. A'a, ba ruwan sama ba ne a kan rufin kwano. Na'urori ɗari ne da ake kira metronom, ɗan akwatin nan mai tsinke yana lilo, ƙwas-ƙwas, wanda makaɗa ke auna saurin kiɗa da shi.

A 1962, György Ligeti, mai tsara kiɗa, ya tsara cewa a jera guda ɗari, a yi musu wani kamar agogo, a ba kowace nata saurin, a sake su lokaci ɗaya. Da farko hayaniya ce zalla. Can sai wanin da aka yi musu ya fara ƙarewa, wannan ta tsaya, waccan ta tsaya. A nan ne daɗin yake: da suka ragu, sai kunne ya fara tsinkayo zubi, biyu suna tsere, uku suna saɓani. Daga ƙarshe guda ɗaya tak ke bugawa. Sai tsit.

Da aka fara gabatar da wannan kiɗan a Hilversum ta ƙasar Holan a 1963, manyan baƙi sun rasa ta cewa, gidan talabijin kuma ya fasa nunawa.

Ligeti Bayahude ne ɗan Hungari, an haife shi a Romaniya a 1923, ya tsere zuwa Ostiriya a 1956 bayan sojojin Sobiyet sun murƙushe boren Budapest. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda ɗaiɗaiku ke ɓacewa cikin taro. A kiɗansa mai suna Atmosphères na 1961, masu kayan tsirkiya 56 ne, kowa da layinsa daban. Ba amshi, ba karin da za ka bi da baki. Kamar ka hango kasuwa daga nesa ne: kowa magana yake yi, amma gunji ɗaya ke iso ka, yana kumbura yana sacewa. Wasu na cewa wannan ba kiɗa ba ne. Ni dai na ce a saurara sau biyu kafin a yanke hukunci.

Wannan sautin ne Stanley Kubrick ya saka a fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey a 1968, ko izinin mai shi bai nema ba.

Daga baya Ligeti ya ji kiɗan ƙahonni na ƙabilar Banda Linda a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda masanin kiɗa Simha Arom ya naɗa. Kowane mai busa da ɗan gurbinsa, sai sun haɗu kiɗan ke fita. Tasirin hakan ya bayyana a kiɗe-kiɗen fiyano da ya fara fitarwa a 1985.

To, bari mu mayar da sautin metronom ɗin nan, mu ji na'urar ƙarshe.