A Damƙa wa Zumuntar Mata: Jawabi ga 'Yan Uwa Mazauna Ingila

Salama alaikum.

Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka, barkanmu da sanyi. Shugaba ya ba ni minti 10, har ya nuna mini agogonsa, to zan yi ƙoƙari in sauka kafin tuwo ya huce.

A zamanmu na baya an amince cewa asusun taimakon gida na bana za a raba shi, kowane ɓangare ya zo ya faɗi hannun da za a damƙa wa kasonsa. Malam ya yi mana bayanin islamiyyar garinsu, Allah ya saka da alheri. Ni kuma aka ce in yi magana da bakin 'yan uwanmu Katolika na ƙauyukan Kano da Jigawa. Amsata gajeriya ce: a damƙa wa mata. Abin da ya rage duk dalili ne.

Sai na ɗan yi shimfiɗa, domin yawancinku Musulmi ne, kuma har gobe akwai mai buɗe baki idan ya ji Bakano ya ce sunansa Bulus ko Istifanus. Muna nan, a yankunan Sumaila, Tudun Wada, Doguwa, Rogo, Ƙaraye, Bebeji da sauransu. Kakanninmu ne ake kira Maguzawa. A gida ɗaya sai ka tarar da wa Musulmi, ƙane ɗan cocin ECWA, ƙanwa Katolika, kuma kwano ɗaya ake ci ranar biki. Cocinmu na Kano da can yana ƙarƙashin Kaduna ne. A 1991 aka yanke shi, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sannan ya zama cikakken dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1999. Bishop Patrick Sheehan, mutumin Ailan, shi ya riƙe har 2008, Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi. Dayosis ɗin ya haɗa jihohin biyu duka, wato ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa, bishop guda.

Ku riƙe wannan faɗin ƙasa a ranku, domin shi ne tushen maganar. A birni, a babban cocin Fatima, Misa, wato babbar ibadarmu ta coci, ba ta yankewa. A ƙauye kuwa Fada, wato limamin Katolika, ɗaya ne ke kula da ƙananan coci-coci da dama, wasu sai da babur. Idan damina ta zauna, rafi ya kawo, ƙauye kan yi makonni bai ga Fada ba. To wa ke buɗe coci ranar Lahadi? Wa ke koya wa yara addu'a, ya shirya su baftisma? Wa ke zuwa wajen mara lafiya, wa ke tsayawa a kan gawa? Katikis ne, wato mai koyar da addini a cocin ƙauye, da ƙungiyoyin jama'ar da ba limamai ba. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Vatican daga 1962 zuwa 1965 ya bayyana cewa aikin Ikkilisiya ba na limamai kaɗai ba ne. Mu a ƙauye larura ta riga takarda koya mana wannan.

A tsarin Najeriya, duk macen aure Katolika 'yar ƙungiyar mata ce, wadda a takarda ake rubuta CWO, mu kuma Zumuntar Mata muka sani. Magidanta suna da CMO, matasa CYON. Kowacce tana da shugabanni tun daga cocin ƙauye har zuwa dayosis da ƙasa baki ɗaya. Bayan su akwai na ganin dama, irin su Rundunar Maryamu da aka fara a Dublin a 1921, da ƙungiyar Vincent de Paul mai taimakon matalauta, wadda aka kafa a Paris a 1833. Iyayenmu mata Musulmi da suka san aikin FOMWAN ba sa buƙatar dogon bayani.

Wanda bai taɓa zama a taron zumunta ba, abin da ya sani shi ne anko da waƙa da kiɗan tulu. Gaskiya ne sun iya waƙa, idan suka shigo da baikon godiya suna rausaya sai tsigar jikinka ta tashi. Amma ku zo ranar taronsu na mako, da la'asar, bayan an sauke tukunya. Uwar zumunta tana kan benci, magatakardarsu riƙe da littafi irin na 'yan firamare, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta makara akwai tara. Wadda ba ta zo ba, ba a wuce sunanta sai an ji dalili, idan aka ce ba ta da lafiya nan take a tsayar da mutum biyu da za su leƙa ta kafin duhu. Sai a zuba kuɗin mako, ma'aji ta ƙirga a gaban kowa, ta ɗaga murya ta faɗi jimla, a rubuta. Uwata ba ta yi boko ba, amma ta fi magatakarda sanin wa ake bi bashi. Ranar da lissafi ya ɓace da 'yan canji, ba mai tashi sai an gano inda suka shiga, ko da kaji sun shiga akurki.

Daga wannan littafin ake yin komai. Mace ta haihu, su ne masu itacen wankan jego da kunun kanwa. An yi rasuwa, su ke girkin zaman makoki, kuma ba sa tambayar addinin masu zuwa gaisuwa kafin su miƙa kwano. Da kaka kowace mace ta kawo tiyar dawa ko gero a tara. Idan marka ta zauna wajen watan Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sai a fitar a ranta wa gwauruwa da mai yara da yawa, ta biya idan sabo ya shigo. Yarinya ta ci jarrabawar sakandare, uba ya ce babu hali, zumunta ce kan je ta zauna masa a zaure har sai ya sauko. Na san 'yan mata da suka zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya ta wannan hanya, kuma ina kyautata zaton akwai irinsu a ɗakin nan.

Yanzu mu zo kanmu, maza. Ina ganin wasu sun fara gyara zama.

Ba zan ce ba ma komai ba. Ranar da iska ta yaye kwanon coci, mu ke hawa. Gayyar gonar coci mu ke yi, kabari mu ke haƙa, idan maganar fili ta kai gaban mai unguwa ko dagaci mu ke zuwa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, duk wanda ya taɓa neman izinin gina coci ko filin maƙabarta a ƙauye ya san yadda takalmi ke ƙarewa. Sai dai aikinmu na tashi ɗaya ne. Taron CMO kuwa, bayan Misa a gindin darbejiya, rabinsa kan ƙare a gardamar wanda bai biya kuɗin wata ba, sauran rabin a kan wa zai zama shugaba. Ga kuma babban dalili da ba laifin kowa ba: da an gama girbi maza sun watse cin rani. Wannan yana acaɓa a Kaduna, wancan yana dako a Dawanau, wani yana leburanci a Abuja. Daga Disamba har ruwan shuka, sai ka shiga cocin ƙauye ka ga ɓangaren mata da yara ya cika, na maza tsofaffi ne 'yan kaɗan da sanduna. Ƙungiyar da membobinta ba sa gari rabin shekara, ta yaya za ta riƙe asusu?

Shi ya sa ban goyi bayan shawarar da na ji ana raɗe-raɗinta ba, wai a sayi sabon ƙyauren ƙarfe da fenti, a rubuta sunan ƙungiyarmu a jiki. Zai yi kyau a hoto, na yarda. Amma mu mazauna waje muna da wannan rauni, mun fi son abin da za a ɗauka a tura mana a WhatsApp. Buhun dawar da aka ranta wa gwauruwa ba ya fita a hoto.

Ga abin da nake roƙo. Kasonmu na bana a sayi hatsi da shi da kaka, lokacin da yake da araha, a ƙara a kan wanda matan suka saba tarawa, su ci gaba da bayarwa bisa ƙa'idar da suka riga suka sani. Kada mu rubuta musu sabuwar doka daga nan, mu da rabonmu da auna hatsi da tiya har mun manta. Idan an samu rara, a biya wa 'yan mata kuɗin jarrabawa. Kuɗin kuma kada ya bi ta aljihun ɗan uwan kowa, har da nawa. A tura asusun banki mai sa hannun mutum uku, uwar zumunta, ma'aji, da Fadan da ke kula da yankin, kuma a sanar da shugabannin mata na dayosis domin kada a ce mun tsallake su. Duk bayan wata uku a ɗauko mana hoton shafin littafin nan. Iyakar rahoton da muke buƙata ke nan.

Maza kuma ba a sallame su ba. Hatsi yana son ɗaki mai kyau, wanda ɓera da gara da ɗigon ruwa ba za su shiga ba. Wannan aiki ne na tashi ɗaya, irin wanda muka iya. A ce wa CMO su buga bulo su gina, su yi rufi kafin a watse cin rani, mu ɗauki nauyin siminti da kwano. Mabuɗi dai hannun mata.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni a waje, ya ce to idan maƙwabciya Musulma ce ta zo neman rance fa? Na ce masa ai ba mu za mu koya musu ba. Tare suke zuwa rijiya, tare suke suna da biki, kishiyar wata ma ƙanwar wata ce. Sun daɗe suna auna wa juna, kuma ina so a rubuta a takardar yau cewa hatsin da aka saya da kuɗin wannan ƙungiya na duk mai buƙata ne a ƙauyen, tunda mu ma da muka tara shi ba addini ɗaya muke ba.

A ƙarshen 2023 an naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabon dayosis ɗin Katsina, Bahaushe ɗan uwanmu. Da yawa cikinmu mun kalli bikin a waya daga nan, mun ga iyayenmu mata da ankonsu sun cika fili. Kowace motar da ta kai su wurin, ina tabbatar muku da kuɗin mako aka ɗauke ta.

Ranka ya daɗe, na ga ka sake duban agogo. Takarda tana hannun ma'ajinmu, wanda ke son ƙarawa a kan kason, ko fam 10 ne, ya same shi bayan an ci abinci. Idan akwai mai ja da abin da na faɗa, musamman a ɓangaren maza, ga ni nan ban tafi ba.

Na gode. Allah ya bar zumunci.