Tiger Woods da filin Augusta

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Auwal, kuma Malam ne ya dage sai mun yi maganar Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf na Amurka.

Malam Sani: Na dage kam, Hadiza. Kin ga filin Augusta na jihar Jojiya a Amurka, inda ake gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf? Sai a 1975 baƙar fata ya fara buga gasar nan, Lee Elder. Kafin nan aikin da aka san baƙaƙe da shi a wurin shi ne ɗaukar wa Turawa jakar sanduna. A ƙarshen shekarar ne kuma aka haifi Tiger a Kalifoniya.

Auwal: Sai ga shi a 1997, yana ɗan shekara 21.

Malam Sani: Ya lashe gasar da tazarar bugu 12! A golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ke cin wasa, kuma sau da yawa bugu ɗaya tak ke raba na ɗaya da na biyu. Elder da kansa ya zo filin ranar ƙarshe. Tiger na gamawa ya faɗa jikin mahaifinsa Earl, tsohon soja, wanda ya ɗora shi kan wasan tun yana tatata.

Auwal: Ni kuwa Malam, ta 2008 ta fi tsaya min a rai. Gasar US Open, gwiwarsa ta hagu a lalace, ƙashin ƙafar ya tsage, yana bugu yana cije baki. Ramuka 91 (ramukan da ake jefa ƙwallo a ciki) ya buga kafin ya kayar da Rocco Mediate.

Hadiza: Amma kar mu tsallake 2009, Auwal. Asirinsa na neman mata ya tonu, daga baya aurensa ya mutu, kuma shi ya jawo wa kansa.

Auwal: Gaskiya ne, Yaya. Ga ciwon baya, tiyata kan tiyata, har aka haɗe masa ƙashin baya a 2017. Mutane da yawa sun riga sun cire rai.

Hadiza: Shi ya sa ni 2019 nake ɗauka. Shekara 11 bai ci babbar gasa ba, sai ya dawo Augusta ranar Lahadi da jar rigar nan da mahaifiyarsa Kultida ta saba masa da ita, ya ci. Babbar gasarsa ta 15 ke nan.

Malam Sani: Uku suka rage ya kamo Jack Nicklaus, wanda ya fi kowa cin manyan gasanni, mai 18, kuma tun hatsarin motar da Tiger ya yi a 2021 ƙafarsa ta dama ba ta koma daidai ba. Amma ranar nan ta 2019 na kalla, Hadiza. Earl ya rasu tun 2006. Tiger ya fito daga rami na 18, wato na ƙarshe, ɗansa Charlie ya rugo da gudu ya rungume shi, kusan daidai inda ya rungumi nasa uban. Sai da na share ido.

Hadiza: Allah sarki. Auwal, karanto mana saƙonnin masu sauraro.