Zafin da Tashoshin Lantarki ke Zubarwa

Hauwa: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hauwa, ga Sadik, ga kuma Injiniya Bashir. Injiniya, kafin mu kunna makirufo ka faɗi wata magana da har yanzu Sadik bai haɗiye ba.

Sadik: Ba zan haɗiye ba sai ya maimaita a gaban jama'a. Wai tashar lantarki ta fi samar da zafi a kan wuta?

Bashir: Ƙwarai kuwa. Ɗauki tasha mai ƙona kwal. Cikin kashi 100 na ƙarfin da ke cikin kwal ɗin, abin da ke zama lantarki bai wuce kashi 35 zuwa 40 ba. Ta zamani mai amfani da gas tana kaiwa wajen 60. Ragowar duk zafi ne, wani ya bi bututun hayaƙi, mafi yawa ya bi ruwa zuwa kogi ko teku. Waɗannan manyan hasumiyoyi masu faɗin gindi da kuke gani a hoto suna tuttuɗo farin abu, mutane na cewa hayaƙi ne. Tururi ne, zafi ake zubarwa a sama.

Hauwa: To sakacin injiniyoyi ne ke nan?

Bashir: Kin fara tsokana. A'a, haka abin yake a halittarsa. Tururi ba ya juya inji sai yana da wuri mai sanyi da zai ruga, kamar yadda ruwa ba ya gudu sai da gangare. Dole a zubar da wani zafin. Tambayar ita ce a ina za a zubar. Sadik, hitar mota daga ina take samo ɗumi?

Sadik: Daga ruwan injin mana, wanda ke zuwa lagireto.

Bashir: Shi ke nan. Ba ka ƙara mai ko ɗigo ba, zafin da za a watsar ne aka karkato cikin mota. Yanzu ka mai da motar birni. Bututu biyu a binne, an naɗe su da abin da ke riƙe zafi: ɗaya ya kai ruwan zafi gidaje, asibitoci da makarantu, ɗaya ya dawo da shi ya huce, a sake ɗumama shi.

Sadik: Ashe garaɓasa ce. Me ya hana kowa yi?

Bashir: Nan ne 'yan talla ke yi wa mutane rufa-rufa, kuma abin na ba ni haushi. Ruwan da ke fita daga tashar da aka gina don lantarki kaɗai, ɗumi-ɗumi ne, digiri 30 zuwa 40. Yawa kam akwai, amma ba zai ɗumama gari ba. Birni na son digiri 70 zuwa 100, wani wurin ma fiye. Sai dai ka zari tururin tun yana da sauran ƙarfi, kafin ya gama juya injin, wato ka sadaukar da wani lantarkin. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Hauwa: Cinikin yana biya?

Bashir: Sosai. Ka rasa awo ɗaya na lantarki, ka sami awo biyar ko fiye na zafi. Idan aka haɗa biyun, tashar na iya cin moriyar kashi 80 zuwa 90 na makamashin da ta ƙona. Kuma ba sabon abu ba ne. A 1877 wani injiniya, Birdsill Holly, ya fara sayar da tururi ta bututu a garin Lockport na Amurka. Har yau tururin da ke fitowa daga ƙarƙashin titunan Manhattan, a birnin New York, yana da alaƙa da irin wannan tsari.

Hauwa: Ni Denmak na fi ji ana ambata.

Bashir: Su wuya ce ta koya musu. Lokacin rikicin mai na 1973 kusan komai nasu a kan man da ake shigowa da shi yake. A 1979 suka yi dokar samar da ɗumi, aka ɗora wa ƙananan hukumomi tsara wace unguwa za a ja wa bututu. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar daga bututu suke samun ɗumi, a Kofanhegan kuwa wajen kashi 98.

Sadik: Duk wannan labarin masu ƙanƙara ne. Sanyaya fa? A yi sanyi da zafi, wannan ai almara ce.

Bashir: Ka taɓa ganin firiji mai aiki da kananzir ko gas, irin wanda ake ajiye allurar rigakafi a inda babu wuta? Ɗan harshen wuta a ƙasa, ƙanƙara a sama. Ka tuna yadda gumi ke sanyaya jiki idan yana bushewa. A cikin babbar na'urar sanyaya mai aiki da zafi ana zuƙe iska kusan gaba ɗaya, sai ruwa ya riƙa zama tururi a digiri 4 ko 5, yana jan zafi daga bututun da ke ratsa shi. Gefe guda akwai ruwan wani gishiri, lithium bromide, mai tsananin ƙishirwa, yana shanye tururin. In ya ƙoshi ya tsinke, sai a dafa shi ya sake kauri. Dahuwar nan ita ce aikin zafin tashar.

Hauwa: Sai a tura ruwan sanyin cikin gine-gine maimakon kowa ya rataya esi a taga.

Bashir: Haka ne. Amma kar a zuga ta. Awo ɗaya na zafi yana ba da kamar 0.7 na sanyi a na'ura mai mataki ɗaya, alhali babbar na'ura mai lantarki na ba da awo biyar ko shida na sanyi a kan awo ɗaya na lantarki. Ba ta da riba sai zafin ya zama wanda dama za a zubar. Daɗinta shi ne lokacin bazara, sanda babu mai son ɗumi, tashar ta sami mai sayen zafinta.

Sadik: Ni abin da ke damuna tonon titi ne.

Bashir: Ka taɓo inda kuɗin yake. Bututun ya fi komai tsada, kuma zafi na zurarewa a hanya. Inda benaye suka cunkushe yana biya, inda gidaje suka warwatsu asara ce. Ga gyara: a Mosko duk bazara sai an ɗauke ruwan zafi na kwanaki, unguwa-unguwa, don duba bututu.

Hauwa: Injiniya, in aka ɗaure gari da tashar kwal, ranar da za a rufe ta fa?

Bashir: Ya faru a Helsinki, babban birnin Finland. Sun rufe tashar kwal ta Hanasaari a 2023, bututun kuwa yana nan, don shi babu ruwansa da inda zafin ya fito. Tun 2006 suna da wata tasha a ƙarƙashin ƙasa, Katri Vala, tana tatsar ɗumi daga ruwan ƙazantar da aka tace, tana kuma ba da sanyi. A Odense ta Denmak, zafin cibiyar kwamfutocin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ne ke shiga gidaje.

Sadik: Wato hoton da na ɗora a Facebook jiya na iya ɗumama wa wani ruwan wanka?

Bashir: In ya bi ta Odense, ɗan kaɗan.